Ajiyar Malam Sama'ilu a Gajimare

Malam Sama'ilu ya yi shekara ashirin da shida yana magatakardan dagacin Kafin Dinya, wani gari mai unguwa huɗu da ruga biyu a ƙasar Roni. Kafin nan malamin firamare ne a Gwiwa. Shi ya ce alli ne ke sa shi tari, ya bar aikin. Mutanen gari kuwa suka ce ba ya iya zama inda manya ba sa tambayarsa komai. A zauren dagaci ana tambayarsa: wa ya haifi wa, gonar wa ta yi iyaka da ta wa, wace shekara aka haƙa rijiyar kasuwa. Yakan ɗan yi jim kafin ya amsa, ko da amsar tana bakinsa, don mai tambaya ya san an buɗe masa littafi.

Littattafan goma sha ɗaya ne, masu baƙin bango, cikin akwatin katako a kusurwar zauren. Wata damina katangar ta sha ruwa, gara ta samu hanya. Da aka buɗe akwatin bayan kaka, bakwai sun koma ƙasa. Sama'ilu ya yi kwana uku bai fito ba. Aka ce zazzaɓi ne.

Muhsina ce ta zo da waya. 'Yar wansa Salisu ce, uwar 'ya'ya uku, tana koyar da kwamfuta a wata kwaleji a Kazaure. Shi kuma Malama yake kiranta, rabi girmamawa, rabi tsokana.

"Baffa, ka bar dogara da takarda kaɗai," ta ce. "Ka ɗauki muryar mutum da bakinsa, ka ɗauki hoton shafi, duk su tafi gajimare."

"Wane gajimaren, Malama? In na gabas ne, shi ya rushe mana katanga."

"Suna ne kawai, Baffa. Babu komai a sama. Gine-gine ne a ƙasa, manya kamar siton taki, cike da kwamfutoci jere a kan kanta. Wuta ba ta ɗaukewa, sanyi ake hura musu ba dare ba rana. Kamfani ne mai su, yana ba mutane hayar wuri. Abin da ka ɗauka a wayar nan, da ta samu sabis sai ta aika can. Su kuma ba sa barinsa a gini ɗaya, sai su kwafa a kai gini biyu ko uku a garuruwa daban-daban. Ko gobara ta cinye ɗaya, sauran na nan."

"Gara fa?"

"Gara ba ta da biza."

"To in wayar ta faɗa rijiya?"

"Ka samu wata, ka sa sunanka da kalmar sirrinka, kayanka su sauko."

Ya juya wayar a hannu, ya duba bayanta. "Ashe ajiya ce."

"E, ajiya ce," in ji Muhsina, tana naɗe gyale, don mai mashin na jiranta a ƙofar gida.

A Kafin Dinya ajiya ba ƙaramar kalma ba ce. Mai tafiya Makka ko ci-rani yakan bar buhun gero ko takardar gona a hannun wani, kuma wanda aka ba ba ya buɗewa, ba ya tambaya, ba ya yarwa. Ko mai kayan ya aiko cikin fushi ya ce a ƙone, ba a ƙonewa sai ya zo da ƙafarsa. Mahaifin Sama'ilu ya taɓa riƙe ƙunshin wani ɗan kasuwar Nijar shekara tara a rataye a ɗakinsa, har magada suka zo suka karɓa da ɗaurinsa na farko. Wannan ajiyar Sama'ilu ya sani, kuma ita ya ɗauka Muhsina take nufi.

Ya kama aiki kamar wanda aka sake haifa. Duk rani yakan ɗauki tsofaffi ɗaya bayan ɗaya, su bi iyakar gona da ƙafa, tsohon na nuna aduwa da suri da layin gamba, wayar na ɗauka. Kowace murya da lambarta, ya rubuta a littafi. Sabis ba ya shiga cikin gari, saboda haka duk bayan kwana biyu yakan hau dutsen bayan makabarta, ya zauna yana kallon alamar nan mai juyawa har ta tsaya.

Lamba ɗari biyu da goma sha huɗu muryar tsoho Maikasuwa ce, wanda ya fi kowa shekaru a garin a lokacin. Burtali suka bi, hanyar shanu da ta tashi daga tsamiya ta sauka tafki. Da suka kawo gefen gonar gadon su Sama'ilu, tsohon ya tsaya ya dogara sanda.

"Burtalin nan faɗinsa taku talatin ne, haka na taso na gani. To ka ga gamban nan na gonarku? Ba nan yake ba. Shekarar babban fari, da shanu suka yi kudu ba su dawo ba har damina biyu, ubanku, Allah ya jiƙansa, ya tumɓuke shi ya matso da shi taku goma sha biyu. Ni na riƙe masa fartanya. Ɗauki abinka, kai, bar kallona."

Maikasuwa ya rasu da kakar shekarar. Sama'ilu bai goge muryar ba, bai kuma kunna wa kowa ba. Yana jin daɗin sanin cewa shi mutum ne mai riƙe gaskiya ko da a kansa take, kuma shekara huɗu wannan daɗin bai ci masa komai ba. Taku goma sha biyun nan kuwa su ne zuciyar gonar. Kashin shanu na shekaru aru-aru ya sa ƙasar ta yi baƙi, dawar wurin ta fi mutum tsawo. Salisu ke nomawa, gidajen biyu ke ci.

Bana, ana saura wata biyu ruwa ya sauka, Arɗo Halliru ya kawo ƙara. Burtali ya tsuke, ya ce, saniya biyu ba sa jerawa a wasu wuraren, kuma duk damina sai an kama yaransa da laifin ɓarna. Dagaci ya sa ranar Talata a zauna.

Ranar Litinin da la'asar Salisu ya leƙo, ya samu ƙaninsa yana gyara takalmi. Shekarar Salisu goma sha biyu lokacin farin, ya san inda gamban yake da. Ya yi zancen taki, ya yi zancen ciwon gwiwarsa. Sai da ya miƙe zai tafi ya ce, yana kallon katanga, "Na ji an ce waya ma takan yi mantuwa, in ta tsufa."

Sama'ilu ya ci gaba da gyaran takalminsa. Da safe, bayan ya sha koko, ya buɗe wayar ya nemo lamba ɗari biyu da goma sha huɗu. Lissafinsa a fili yake a wurinsa, har ya ga kamar dabara ce ta masu ilimi. Zai cire ta daga wayar, ajiyar kuwa tana can a gine-gine uku, ba abin da zai taɓa ta. Ya riƙe amanar tsoho ke nan, ya kuma rufa wa ubansa asiri, bakinsa kuma ba zai faɗi ƙarya ba. Wayar ta tambaye shi ko ya tabbata. Ya ce e. Ta sake tambaya. Ya sake cewa e.

A zaure Arɗo ya zauna ya ɗora sandarsa a cinya. Kakar Sama'ilu Babarbariya ce, shi ya sa tun suna samari Arɗo ba ya ganinsa bai tsokane shi ba.

"Ranka ya daɗe, a sa bawan nan nawa ya kunna mana tsoho Maikasuwa. Na gan su ranar da idona, yana bin tsoho a baya da waya kamar ɗan maraƙi."

"Bafillace da ganin nesa," in ji Sama'ilu. "Ranar da aka ba ka tuwo ma nono ka ce."

Aka yi dariya. Dagaci ya ɗaga hannu. "Malam, akwai?"

Sama'ilu ya miƙa wayar da hannu biyu. "Allah ya ja zamaninka, wallahi babu ita a wayar nan. A duba."

Liman ya karɓa ya duba, aka zagaya da ita. Daga ɗari biyu da sha uku sai ɗari biyu da sha biyar. Arɗo ya daɗe yana kallon Sama'ilu, bai ƙara tsokana ba. Dagaci ya ce to, bayan mako biyar wakilin hakimi zai zo, a auna burtali da shaidar waɗanda ke raye. Kowa a zauren ya san waɗanda ke raye: in ban da Salisu, duk bayan farin suka yi wayo, rabinsu kuma surukan Salisu ne.

Washegari Sama'ilu ya hau dutse kamar kullum, ya jira alamar ta gama juyawa, ya sauko.

Sai da aka kwana ashirin da biyar ya hau mashin zuwa Kazaure. A gida ya ce tabarau zai canza. Gaskiyar kuwa so yake ya ga ajiyarsa da ido, kamar mai leƙa rumbun da ba ya nufin buɗewa. Ya samu Muhsina a ofis tana duba takardun ɗalibai, fanka na kaɗa zafi daga wannan bango zuwa wancan.

"Malama, ɗan buɗe min wurin nan naki, in ga ko kayana na nan lafiya."

Ta buɗe a kwamfutarta. Lambobin suka jeru. Ya matso da kujera, ya bi su da yatsa, ya tsaya.

"Ina ɗari biyu da sha huɗu?"

"Ba ta nan, Baffa."

"A wayar ce babu. Ajiyar za ki duba."

"Ita nake dubawa."

Ya cire hula ya mayar. "Ke fa kika ce gini uku."

Muhsina ta ajiye biro. "Baffa, hidimar nan iri-iri ce. Akwai wadda take ɗaukar kwafi ta kulle, ko me ka yi a waya ba ruwanta. Waccan ce ajiya. Wadda na haɗa maka kuwa daidaitawa take yi, kamar madubi. Ka ƙara abu a waya, ya ƙaru can. Ka cire a waya, ranar da ta samu sabis ta kai labari, a cire can. Laifina ne da na bar ka a kan kalmar ajiya. Sauri nake ranar."

"Duk ukun?"

"Duk ukun suka bi umarninka. Don gobara da ruwa aka yi su uku, ba don mai kaya ba. Mai kaya in ya ce a cire, cirewa ake."

"Ba su ce in zo da ƙafata ba?"

"Yatsarka ce ƙafarka a wurinsu."

Gumi ya taru a wuyan rigarsa. Muhsina ta danna wani wuri a gefe.

"Amma akwai kwandon shara. Abin da aka goge yakan zauna nan kwana talatin kafin ya tafi gaba ɗaya. Ga ta. Saura kwana shida." Ta karanta sunan da ya sa wa muryar, a hankali. "Maikasuwa, burtali, gefen gonarmu."

Fankar ta yi ta juyawa.

"Kuskure ne," in ji shi. "Hannu ne ya taɓa."

"Sau biyu take tambaya, Baffa."

Dannawa ɗaya ce za ta dawo da ita, hannun Muhsina kuma na kan kwamfutar. Ta janye shi ta ɗora a cinya. Ta ji labarin ƙarar Arɗo, ta kuma san dawar wace gona ta ci har ta girma. Ta karɓi wayarsa ta nuna masa inda kwandon yake da inda aka rubuta a mayar.

"Nan za ka danna in kana so, amma sai da sabis. In ba ka danna ba, ba abin da za ka yi, da kanta za ta tafi. Ni ban ji abin da ke ciki ba, kuma kada ka gaya min. Baba na fama da hawan jini." Ta miƙa masa wayar. "Ka ci abinci kafin ka koma?"

Bai ci ba. Tabarau ma bai saya ba.

Zaman wakilin hakimi saura kwana goma, kwandon kuwa saura shida. Abin da ake bukata daga gare shi kawai ya zauna. Ya yi sharar gona, ya ƙone kara, ya raka gawa a unguwar yamma, ya rubuta sunan jariri biyu. Bai hau dutse ba. Ranar zama in aka sake tambayarsa zai iya cewa wallahi babu ita ko'ina, kuma gaskiya ce tsantsa.

Daga baya mutane sun ce tsoron Allah ne ya motsa shi, kuma akwai shi a ciki. Amma ba shi ne ya fi yawa ba. Abin da Sama'ilu ya so tun farko shi ne muryar ta ɓace da kanta, yadda littattafan nan bakwai suka ɓace, a zo a yi masa jaje. Giɓin da gara ta yi ba a tambayar kowa a kansa. To a wurin nan na Muhsina babu gara, babu ruwa, babu ɓera. Duk abin da ya ɓace a can, hannu ne ya ɓatar da shi, kuma hannu ɗaya ne ke da kalmar sirrin. Duk ranar da wani ya bi lambobin ya tarar da rami tsakanin sha uku da sha biyar, sunansa ne a ramin. Ga kuma Muhsina, wadda za ta ci gaba da durƙusawa tana gaishe shi har ya mutu, ta sani, ya san ta sani. Yana iya zama da laifin. Zama da mai kallon laifin ne ya gagare shi.

Rana ta shida, bayan azahar, ya hau dutsen. Dutsen ya ɗau zafi har yana ji ta tafin takalmi. Sabis sanda ɗaya. Ya buɗe kwandon, an rubuta saura ƙasa da kwana ɗaya. Ya danna. Alamar ta juya, ta tsaya, ta ce babu hanyar sadarwa. Ya ji wani sanyi a ƙirji, kuma ya gane sanyin murna ne: ya gwada, abin ya ƙi, ba laifinsa. Ya zauna da wannan murnar kamar minti biyar. Sannan ya miƙe ya ƙara hawa can ƙololuwa inda awaki ke tsayawa, ya ɗaga wayar sama da kansa, ya sake dannawa.

Ranar zama a bakin burtali aka taru, ƙarƙashin tsamiya. Wakilin hakimi ya zo da igiyar awo da mutum biyu. An fara kiran shaidu ke nan Sama'ilu ya durƙusa gaban dagaci ya ce akwai magana. Ya ƙure ƙarar wayar. Muryar Maikasuwa ta fito da tarinta da bugun sandarta, har zuwa inda ya ce shi ya riƙe fartanya. Wasu tsofaffi suka yi salati jin muryar mamaci. Salisu na tsaye a baya, hannu a aljihu.

Dagaci ya dubi magatakardansa. "Malam, ba kai ka ce wallahi babu ba?"

"Ranka ya daɗe, a ranar babu ita a wayar. Ni na cire ta da safen."

"To me ya dawo da ita?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Arɗo ya buɗe baki kamar zai ce bawana, ya fasa. Ya ce kawai, "Allah ya jiƙan tsoho." Aka amsa da amin.

Aka ja igiya, taku goma sha biyu suka koma burtali. Wakilin hakimi, wanda ya ɗan san kan waya, ya tambaya ko wa ke da ikon gogewa. Aka ce Malam ne kaɗai. Ya ce hakan ba zai ci gaba ba. Mako na gaba Muhsina ta zo ta sake tsarin: kwafi ɗaya a kulle wanda wayar kowa ba ta isa gare shi ba, Liman da Arɗo kowa da damar saurare a wayarsa, gogewa kuwa sai da izinin dagaci. Ta yi aikinta ta gama, ta gaishe da baffanta yadda ta saba, ba ta kwana a garin ba.

Dagaci bai sauke shi ba. Babu wani mai rubutu kamar nasa, kuma dagacin ya ce mutumin da ya tona kansa a gaban wakilin hakimi ya fi wanda ba a taɓa gwadawa ba. Sai dai yanzu mai neman iyakar gonarsa yakan tsaya wajen Liman bayan sallah ya saurara, ba sai ya zo zaure ba.

Kafin ruwan shuka Salisu ya aiko Liman da saƙo, bai zo da kansa ba: yana so a raba gonar gado, kowa ya san nasa. Da aka zo rabo ya ce taku goma sha biyun da suka fita, daga kason wanda ya fitar da su za a cire. Liman ya ce shari'a ba haka ta ce ba, asarar ta kowa ce. Sama'ilu ya ce a bar shi, ya yarda. Aka ba shi gefen burtalin, siriri, mai yashi daga sama.

Shi ya riƙe wayar ranar rabon, don aikinsa ne. Ya bi wansa a baya daga aduwa zuwa suri, Salisu na faɗin iyaka da ƙarfi yadda za ta ɗauka sosai, bai waiwayo ba ko sau ɗaya.